Baba Tsoho, Rumbunansa da Karatun da Ya Zaɓa Mini

Ranar Talata da hantsi Mama ta kira ni ina ofis. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Baba ya cika." Na yi salati, na kashe kwamfuta, na nemi izini, na nufi tasha. Ban samu jana'iza ba. Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ya san ba a yi wa kowa alƙawarin lokacin isa. Direbanmu ya jira motoci suka taru kafin mu shiga daji, ko da muka iso an dawo daga maƙabarta.

Yanzu ina mota ne a hanyar komawa, a waya nake buga wannan. In kun ga ya tafi a karkace ku yi haƙuri.

A ƙofar gidan Kawu Babba aka yi zaman makoki, cikin gari, don nan iyalin suke tun da suka baro ƙauye. Na zauna a bakin tabarma ina jin abin da mutane ke cewa. Wani mai awo ya ce shekara arba'in yana sayen hatsi a hannunsa, bai taɓa kawo masa mai danshi ba, bai kuma taɓa barinsa ya cika mudu ya yi masa tozo ba. Liman ya ce mutum ne mai gardama, amma a gona yake fitar da zakkarsa kafin dami ɗaya ya shiga gida. Wani direba ya fara ba da labarin yadda suka yi rabin awa suna ciniki a kan kuɗin mota, ya tuna inda yake, ya haɗiye dariyar.

A cikin gida Anti Ƙarama ce ta fi kowa kuka, ita da ta yi shekara biyu ba ta leƙa shi ba. Iya, matarsa, ko hawaye babu. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, ka iso? Abokin faɗan naka ya gudu ya bar mu." Sai ta ce a kawo mini ruwa.

Kawu Babba kuwa, da na durƙusa na ce ya haƙuri, kan yatsunsa ya miƙo mini, ya amsa yana kallon wani wuri. Kowa a gidan ya san dalili. A wajensa bakina ne ya jawo aka ƙone rumbunan Baba Tsoho, abincin mutum fiye da ashirin, ga damina ta kawo kai. Zan zo kan wannan. Bari in fara da shi kansa mamacin.

Mahaifin Mama ne. Manomi, a wani ɗan ƙauye a yankin Tabanni, inda daji yake farawa daga bayan masallaci. Bai yi boko ba, allo ya yi. Dogo ne, siriri, hularsa kullum a tsakar kai kamar ajiye ta aka yi. In ya ga buhu, ko na waye, sai ya zura hannu ya ɗebo ƙwaya ya sa a haƙori. Daga ƙarar da ta yi zai gaya maka ko ta bushe, wani lokacin har da gonar da ta fito. Rumbuna biyar gare shi. Ɗaya na ci ne, shi ake ɗiba kullum. Huɗun a like suke har sai ruwa ya sauka. Kuma ba mai leƙa su sai shi, ko Kawu Ƙarami da ke zaune da shi a ƙauyen bai isa ya hau ba.

Yana da wata tambaya da ya gaji kowa da ita. In rediyo ya ce an ƙara kuɗin mai, sai ya ce, "To wa ya ci?" In an ce an rage, nan ma, "To wa ya ci?" Ranar da aka ce masa ƙanwata ta samu miji, haka ya tambaya, Iya ta jefe shi da mafici.

Yadda aka yi na karanta tattalin arziki kuwa, shi ne sila. Na gama sakandare, Mama tana son likita, Babanmu yana son lauya, ni kuma ban san abin da nake so ba sai dai in bar gida. Muka je ƙauye hutu, ana ta maganar a tsakar gida, shi yana gyaran ƙotar fartanya kamar ba ya ji. Can ya ɗago ya ce da ni, "Kai, ɗan birni. A makarantar taku akwai inda ake koya wa mutum dalilin da ya sa masarar da na sayar a nan kamar kyauta, in ta je garinku sai ta fi ƙarfin uwarka?"

Na ce akwai, ikonomiks ake ce masa.

"Me?"

"Tattalin arziki."

"To ka faɗa da Hausa mana, ka tsaya kana tauna harshe. Shi za ka yi."

Mama ta ce, "Baba, wannan karatun me ake zama da shi?"

Ya ce, "Likita in na je wurinsa na riga na kwanta. Lauya in na je wurinsa na riga na shiga uku. Ni wanda zai gaya mini abu kafin ya same ni nake so."

Haka na cike fom.

Daga nan duk hutu sai na ci jarrabawa biyu, ta jami'a a Zariya da tasa. Ina sauka daga babur zai ce, "Malam Tattali, me aka koya maka bana?" Shekarar farko na ce masa an koya mana cewa duk abin da mutum ya zaɓa, akwai wani abin da ya bari, kuma wanda ya bari ɗin shi ne ainihin tsadar zaɓinsa. Ya ce, "Wannan ne aka biya kuɗin makaranta a kai? Iya, zo ki ji, jikanki ya gano in ya ci tuwo bai ci shinkafa ba." Sai da aka yi mako ana mini dariya.

Amma akwai wanda ya kama shi. Da na yi masa bayanin yadda kuɗi ke lalacewa a ajiye ba tare da an taɓa su ba, da abin da ya haɗa dala da buhun taki, sai ya sa na maimaita sau uku. Washegari na ji shi a gindin mangwaro yana yi wa tsofaffi bayanin, ya ma fi ni iya faɗa, bai kuma ce daga wurina ya ji ba.

Ina aji uku aka yi shekarar waken suya. Bara ya yi tsada, wanda ya shuka ya sha daɗi, saboda haka kowa a yankin ya ɗaura niyyar juye gonarsa waken suya. Kawu Ƙarami har ya sayo iri. Na ce wa Baba Tsoho mun yi wannan a aji: in kowa ya bi farashin bara ya shuka abu ɗaya, ranar girbi kowa zai kawo abu ɗaya kasuwa, mai saye ne zai yi dariya. Ya ce, "Wato abin da ya jawo su shi zai kayar da su." Na ce haka ne. Ya bar wa Kawu Ƙarami kadada ɗaya ya yi waken suyarsa don kada ya yi fushi, sauran ya zuba dawa da wake. Abin da na faɗa kuwa shi ya faru. A shekarar ya aiko mini da zakara har makaranta, a cikin kwali, ta hannun direba. Ina hostel, ɗakin kwanan ɗalibai, ban san inda zan kai zakara ba. Mu shida muka cinye shi a daren... a'a, da rana ma muka yanka, don mai gadi ya ce ba zai kwana yana masa cara ba.

Ƙannena da abokansu suna yawan tambayata ko karatun yana da amfani, tunda ba a kiran mutum dakta ko barista. Abin da nake ce musu ke nan: aiki dai na samu, a wani kamfanin abincin kaji, ni ke duba lokacin da ya kamata a sayi masara da inda za a saya. 'Yan ajinmu wasu suna banki, wasu gwamnati, ɗaya tana sayar da atamfa a waya kuma ta fi mu duka. Amma ba aikin ne babban abin ba. Karatun yana sa maka wata ɗabi'a, ka daina tsayawa a kan abin da ya faru, ka riƙa tambayar me zai biyo baya in kowa ya yi abin da ya fi masa. Da wannan ɗabi'ar ba a cika yi maka wayo a kasuwa ba, ko a siyasa. Abin da ba a koya mana ba shi ne inda ake faɗin magana da inda ba a faɗa. Wannan a ƙauye na koya, kuma da tsada.

Yana da aboki guda da ya fi 'yan'uwansa kusa da shi, wani dattijon Gbagyi, Kirista, daga wajen Saminaka ta nan yankin Birnin Gwari. Tun suna samari suke musayar iri. Shekarar da matar abokin ta yi doguwar jinya bai samu yin noma ba, Baba Tsoho ya kwashi 'ya'yansa da shanun huɗa suka je suka nome masa gonar, suka dawo ko ruwan gidan ba su tsaya sha ba, don kada a ce sai an yi musu girki. Ni ban san wannan ba sai a bakin Mama. Da ta'adin 'yan bindigar daji ya tsananta a wajensu, abokin ya riga kowa komawa cikin gari wurin ɗansa. Baba Tsoho ya yi masa tsiya a kan haka har ya gaji.

Shi dai ya ce ba inda za shi. Mutanen daji sun sa wa ƙauyuka haraji, sun kwashe shanu, sun hana zuwa gonakin nesa, yana nan. Bana kuma Allah ya ba da amfani, rumbuna biyar suka cika.

Bayan girbi matar Kawu Ƙarami ta haihu, muka je suna. Da safe bayan an raɗa suna maza suna zaune a ƙofar gida, ana raba goro da alewa, mutanen ƙauyen da na maƙwabta, har da fuskokin da ban sani ba. Ni kuma na kwana da lissafina a kai, ina ji da kaina. Kuma jika ne ni, na saba faɗa masa abin da na ga dama a gaban kowa a yi dariya. Sai na ɗaga murya na ce, "Tsoho, wannan rumbunan naka huɗu da ka cika ka like, wa kake tara wa? Da can ajiya riba ce. Yanzu ashana ɗaya ta isa. Ka raba uku mana, ka sayar da kashi ɗaya, ka kai ɗaya cikin gari, ka bar ɗaya a nan."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya tashi ya ce zai je ya duba akuyarsa. Kawu Babba ya kafe ni da ido. Baba Tsoho ya gama ɓare goronsa, ya ce, "Rumbunan da kake gani rabinsu ƙaiƙayi ne, ɗan birni. Bana ba a samu komai ba." Ya juya ya ci gaba da magana da liman.

Da rana ya kira ni bayan gida, wajen turken awaki. Bai ɗaga murya ba.

"A makarantar taku ba a gaya muku cewa a cikin kowane taro akwai mai kai labari daji ba?"

Na ce ban yi tunani ba.

"Na ga alama. Kuma ka ce in kwashe in kai gari. Ranar da aka ga mota a ƙofar gidana tana lodin hatsi, ka san me mutanen garin nan za su ce? Za su ce tsoho ya ji wani abu. Kafin Juma'a ba sauran kowa a nan. Ni kaɗai nake zaune kake tsammani? Zamana ne ya zaunar da su."

Na ce, "Amma Baba, lissafin..."

"Tafi ka ci abinci."

Tun daga ranar bai ƙara ce mini Malam Tattali ba. In na kira a waya, ranar da aka samu sabis, zai amsa gaisuwa, ya tambayi aiki, ya miƙa wa Iya. Ba faɗa, ba zagi. Tambayoyin ne kawai suka tsaya.

Wata huɗu bayan nan, cikin bazara, mutanen daji suka zo da rana tsaka a kan babura. Ba su kashe kowa a gidanmu ba, Allah ya tsare. Sun ce a buɗe rumbuna, suka ɗebi abin da babura za su ɗauka, suka cinna wa sauran wuta, suka ba mutane kwana biyu su tashi. A ƙafa iyalin suka fito titi. Kwana huɗu da isowarsu gari, Baba Tsoho ya faɗi a wajen alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na zo na duba shi sau biyu. Ya kalle ni, na kalle shi. Ban san abin da ke cikin kallon ba, kuma ba zan ƙirƙira ba.

Mako bakwai Kawu Babba yana ciyar da gida biyu da awon mudu, daga albashin malamin firamare. Ban ga laifinsa ba da ya kasa kallona.

Ranar addu'ar uku an yi ruwa da asuba, na farko mai ƙarfi a bana. Aka yi addu'a, aka raba waina da gumba, mutane suka fara watsewa. Dattijon Gbagyin nan yana gefe a kan benci tun safe, da sandarsa da hular sanyi. Sai da wurin ya rage saura 'yan gida ya taso ya dafa Kawu Babba.

"Ɗana, zo ka raka ni gida, ƙafata ba ta da kyau. Ka taho da ƙanenka. Da wannan na Kaduna."

Kawu Babba ya ce, "Baba, wannan ai ba sai da shi ba."

"Da shi."

Muka bi shi a hankali ta bayan kasuwa har gidan ɗansa. Ya wuce da mu can ƙarshen gida, wajen wani ɗaki da ke kusa da kejin kaji, ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe. Buhuna ne a jere a kan katako har kusan rufi. Dawa, masara, wake kaɗan.

Ya ce, "Na babanku ne. Tun bayan sunan nan, duk ranar kasuwa sai ya kawo ɗaya. Ya sauka a bakin kasuwa, ya sallami mai babur, ya sa mai baro ya zagayo da shi nan."

Kawu Ƙarami ya riƙe baki. "Ni nake kawo shi fa. Ce mini ya yi sayarwa yake yi, zai sayi magani da taki. Har ina cewa a raina tsufa ya sa Baba ya fara taɓa rumbu kafin ruwa."

Kawu Babba ya ce, "Baba, mako bakwai muna awo kana gani."

"Ina gani. Na je na same shi a kwance, na ce in kawo? Ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya yi mini haka." Ya kaɗa yatsa. "Tun farko ya ce mini kada in fito da su sai ruwa ya sauka, ko shi ya tafi. Ga shi duka biyun sun zo mako ɗaya."

Ya juyo wajena. "Kai ne mai karatun kasuwa?"

Na ce ni ne.

"Ranar da ya kawo na farko na ce masa, kai da ba ka taɓa rumbu, me ya faru? Ya ce yaron nan gaskiya ya faɗa, wurin faɗa ne bai sani ba. Ya ce kada in gaya maka, kanka zai ƙara girma."

Ba duka ne suka tsira ba. Buhu biyu na ƙasa ƙwari sun mayar da su gari, don ya ƙi yarda a sa maganin zamani, busasshen barkono ya zuba kamar yadda yake yi a rumbu. Abin da ya ƙone a ƙauye kuma ya fi wanda ya fito. Kuma har yanzu ban san ko maganata ce ta kai labari daji ba, ko dama suna tafe. Ba wanda ya sani. Kawu Babba bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Dattijon ya miƙa masa makullin ya fita, Kawu Ƙarami ya bi shi. Zan fita ke nan Kawu Babba ya ce, "Tsaya." Ya tura ƙofar ya rufe, ya rage murya duk da ba kowa sai kaji.

"Gonakin ƙauye bana ba za su shuku ba. Akwai wanda zai ba mu hayar gona nan kusa da gari, amma sai an biya kafin shuka, kuma ruwa ya riga ya sauka. In mun sayar da rabin wannan mun kama gonar, abincin ba zai kai mu girbi ba. In mun ajiye mun ci, baɗi ba mu da komai. Kai da ka karanta, ya za a yi?"

Na buɗe baki, amsa tana kan harshena, sai na rufe. Na ce ya ba ni zuwa gobe, in kira mutanen da nake sayen masara a hannunsu in ji inda farashi ya dosa, in kuma je in ga gonar da idona, in tambayi Iya mudu nawa gidan ke ci a rana. Na ce in na gama, shi kaɗai zan gaya wa.

Ya ce, "To."

Washegari muka sayar da waken da kashi ɗaya cikin uku na masarar, muka bar dawa. Jiya Kawu Ƙarami ya fara huɗa.

Allah ya yi wa Baba Tsoho sauƙin kwanciya, ya yafe masa gardamarsa da tamu, ya sa abin da ya ciyar ya tarar da shi a can. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In da hali ku haɗa da gonar, don ba mu san halin ƙasarta ba tukuna.